Robar da ƙasa ke iya ci

  Mai kaye da alƙalami ya jawo su kusa, don akwai kalmomin da za mu rubuta yau.

Zancen yau ya taso ne daga ajin karatun manya da nake koyarwa a Damagaram Takaya. Akwai wata dattijuwa a cikin masu karatu, ba ta fashin zuwa. Sai ta yi kwana 3 ba mu gan ta ba. Ran da ta dawo na ce, "Inna, lafiya dai?" Ta ce, "Malam, akuyata ce." Akuyar ta rage cin abinci, ta yi ta ramewa, ciki kuwa a kumbure. Da aka ga za ta tafi a banza, aka sa mata wuƙa. Mahauci ya buɗe tumbi, ya zaro dunƙulen leda, baƙa da fara, sun nannaɗe kamar gammo. Akuyar nan kuwa ita ce ajiyar Inna. Da ita take niyyar sayen hatsi idan rumbu ya yi ƙasa.

Sai ta yi mani tambaya a gaban aji. Ta ce, "Malam, akuya tana cin kara, tana cin kwali, ba abin da ke samunta. Me ya sa leda ke kashe ta?" Amsar wannan tambaya ita ce za ta kai mu ga wata irin roba da ba mu taɓa gani a kasuwarmu ba.

Akwai waɗansu halittu ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani. Sai da madubin likita mai ƙara girman abu. Sunansu bakteriya. Ku rubuta: bak-te-ri-ya. Idan aka jera 1000 daga cikinsu, tsawonsu bai wuce milimita 1 ko 2 ba. Mun saba jin labarinsu a asibiti, har muna kiransu ƙwayoyin cuta. To, masu kawo cuta kaɗan ne a cikinsu. Mafi yawansu ma'aikatanmu ne da ba mu biya. Su ne ke sa madara ta kwana ta zama nono. Su ne ke nunar da daddawa, ta kalwa da ta batso. Su ne ke mai da kashin shanu da ganye su zama taki. A cikin cokali ɗaya na ƙasar garka akwai miliyoyinsu.

A cikin tumbin akuya ma suna nan fal. Akuya da kanta ba ta iya narkar da kara. Bakteriyar da ke cikin tumbinta ce ke wannan aiki, ita kuma akuya ta ƙaru. Abin da suke ci a jikin kara shi ne kalma ta biyu da za mu rubuta: se-lu-los. Selulos shi ne zaren da Allah ya gina tsiro da shi. Ku tsaga karan gero, za ku ga zare-zare a tsaye. Ku dubi igiyar rama, ku dubi kaba, ku dubi auduga. Auduga kusan dukkanta selulos ce, wajen kashi 90 cikin 100. Itace kuwa kusan rabinsa. Takardar da kuke riƙe da ita yanzu, ita ma selulos ce. Wani masani Bafaranshe, Anselme Payen, shi ya fara ware shi daga jikin tsiro a 1838.

Tun da aka yi tsiro a duniya bakteriya ta san selulos. Tana da makamin yanka shi. Leda kuwa baƙuwa ce. Daga man fetur da iskar gas ake yin ta, irin man da ake haƙowa a Agadem ana tacewa a matatar SORAZ ta hanyar Tanut tun 2011, ko da yake ba a can ake yin ledarmu ba. A Ingila aka gano yadda ake haɗa irin wannan roba, a 1933. Ledar sayayya mai hannu biyu kuwa, wani kamfanin ƙasar Suwidin ya yi mata rajista a 1965. Kun ga akwai tsofaffi a garuruwanmu da suka girme ta. Bakteriyar tumbi ba ta da makamin yanka ta, ta ƙasa ma haka. Shi ya sa leda ke zama a cikin akuya har ta toshe hanyar abinci. Shi ya sa kuma take zama a gona. Rana tana ƙona ta, ta kakkarye, ta zama gutsattsari, mu ce ta tafi. Ba ta tafi ba. Ta dai yi ƙanƙanta ne, ta shige cikin rairayi.

Hukuma ta san da wannan. Ranar 5 ga Nuwamba 2014 aka kafa doka mai lamba 2014-63, wadda ta hana yin ledar nan mai laushi, da shigowa da ita, da sayar da ita, da aiki da ita, da ajiye ta. Ƙasar Ruwanda ta riga mu, ta hana tun 2008. Kenya ta biyo baya a 2017. Amma wanda ya shiga Kasuwar Dole a Zinder, ko kasuwar ƙauyensa, ya san leda tana nan. Dalili a fili yake. Mai ƙosai tana bukatar abin zuba ƙosai, leda kuwa araha gare ta. Idan an hana mutum abu, sai ya tambaya me zai riƙe a madadinsa.

Robar da bakteriya ke yi

A wajen 1926, wani masani Bafaranshe mai suna Maurice Lemoigne, ma'aikacin cibiyar bincike ta Pasteur, yana nazarin wata bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa. Abin sha'awa, danginsu ɗaya da wadda ke nunar da daddawa. Ya tarar tana tara waɗansu ƙwayoyi a cikin jikinta. Ya fitar da su, ya auna, ya rubuta abin da ya gani. A lokacin ba wanda ya damu. Sai bayan shekaru masu yawa aka lura cewa abin nan, idan an tara shi an narkar da shi da zafi, ana iya zuba shi ya zama kwalba ko kofi. Wato roba ce. Masana suna taƙaita sunanta da haruffa 3: PHB.

Don me ƙaramar halitta za ta yi roba? Ba don mu take yi ba. Guzuri take tarawa. Ku tuna tozon sa. Da kaka, ga ciyawa ga harawa, sa yana ci yana tara kitse a tozo. Da bazara, abinci ya yi wuya, sai ya koma yana cin tozonsa. To, PHB tozon bakteriya ne.

Ga yadda masana'anta ke sa ta wannan aiki. Ana samun babbar randa ta ƙarfe, wadda ta fi ɗaki tsawo. A zuba ruwa mai tsabta, a zuba sukari ko man tsiro, a zuba ɗan taki, a hura iska, sannan a sa bakteriya. Ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, har ruwan ya yi kauri kamar kunu. Daga nan sai dabara. A ci gaba da ba ta sukari, amma a janye mata azot, wato sinadarin nan da ke cikin takin ure. In babu azot ba ta iya hayayyafa. Ga abinci a gabanta, ba damar haihuwa. Sai ta yi ta ci tana ajiyewa. Akwai irin da ke tarawa har kashi 80 cikin 100 na busasshen nauyinta ya zama roba. Duk wannan cikin ƴan kwanaki ne. Sai a fasa jikinta, a wanke, a shanya. Abin da ya rage farin gari ne kamar garin rogo. Shi ake narkarwa.

Yanzu ku lura da kyau, don nan ne kan zancen. Tunda wannan roba guzurin bakteriya ce, bakteriya ta san ta. Idan ta faɗi cikin ƙasa mai laima, ko cikin ramin taki, ko cikin tabki, ƙananan halittun wurin za su gane abinci ne. Su ci, abin ya koma ruwa da iska da ɗan taki. Abin da ya gagare su a jikin ledar fetur bai gagare su a nan ba.

Sai dai PHB tana da halinta. Ba ta da juriya. Idan an zuba ta ta kwana biyu, sai ta ƙara tauri, ta riƙa tsagewa kamar tsohuwar ƙwarya. Ga wuyar sarrafawa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, ita kuwa sai wajen digiri 175 take narkewa, kuma da zafi ya ɗan haura haka sai ta fara lalacewa. Ga tsada. Sukarin da mutum zai sha shi ake ba ta, don haka kuɗinta ya ninka na robar fetur sau 3 ko fiye.

Laka da ciyawa

A nan ne selulos ya dawo cikin zance, kuma a nan ne mu mutanen Damagaram ba mu bukatar dogon bayani.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin magina ya ga yadda ake kwaɓa ƙasa. Ba a gini da laka zalla. Laka zalla in ta bushe tsagewa take yi. Sai an yayyanka ciyawa ko an zuba ƙaiƙayi, an zuba ruwa, an tattake da ƙafa, an bar ta ta kwana, an sake tattakewa. Ciyawa kaɗai ba ta tsayawa ta zama bango, laka kaɗai ba ta daɗewa. Amma laka tana riƙe ciyawa, ciyawa tana ɗaure laka. Idan tsaga ta taso, sai ta ci karo da zaren ciyawa ta tsaya. Da irin wannan sani aka gina tsofaffin gidajen Birni a Zinder, da ganuwar da aka kewaye garin da ita a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Har yau ana ganin sauranta.

Masana ba su yi wani abu dabam ba. Sun ɗauki robar bakteriya a matsayin laka, suka ɗauki selulos a matsayin ciyawa. Ana niƙa zaren tsiro ya yi laushi, wani lokaci har ido ba ya ganin silinsa, a cuɗa shi cikin narkakkiyar roba. Abin da ya fito ya fi tsayawa kyam, ba ya lanƙwashewa in an ɗora masa nauyi. Kuma an rage tsada, don zaren tsiro ya fi roba araha nesa ba kusa ba. In an sa zare kashi 20 ko 30, an rage robar da za a saya ke nan. Akwai amfani na uku da magini ba zai so ba, amma mai wannan aiki yana so. Zaren tsiro yana shan ruwa. Idan kayan ya shiga ƙasa, zaren yana jawo laima zuwa ciki, ya buɗe wa bakteriya hanya, ruɓewa ta ƙara sauri.

Kwaɓin ba shi da sauƙi, kamar yadda na magini ba shi da sauƙi. Selulos yana son ruwa, roba tana gudunsa. In an haɗa su haka kawai ba su kama juna, kamar mai da ruwa. Zaren sai ya dunƙule wuri ɗaya, wurin kuma nan ne kayan zai karye. Don haka ana fara wanke zaren da ruwan soda, irin wadda ake sabulu da ita, don a cire maiƙo da dattin jikinsa, ya yi kaushi, roba ta samu abin kamawa. Sannan a busar da shi ƙayau. In da sauran laima, zafi zai mai da ita tururi, ta ɓata robar. In kuma zare ya yi yawa, kayan ya zama mai saurin karyewa. Magini ma in ya cika ciyawa, bango ba ya haɗuwa.

Gaskiya guda da ya kamata ku riƙe: zare yana ƙara tauri, ba ya ƙara laushi. Saboda haka wannan haɗi ya fi dacewa da kofi, da faranti, da cokali, da tukunyar renon itace. Ledar ƙosai mai laushi kuwa wata dabara take so. A can sai a sake wa bakteriya abinci, ko a sake irinta, don ta yi roba mai ɗan miƙewa. Wani kamfanin Japan mai suna Kaneka yana yin irin wannan da man tsiro.

Kada ku ɗauka zaren da ake magana wani baƙon tsiro ne na Turai. Ramar da ake shukawa a gefen gona, a ci ganyenta a yi igiya da ɓawonta, ita ma tana ciki. A 2006 kamfanin NEC na Japan ya fitar da wayar hannu wadda aka yi jikinta da zaren rama haɗe da wata robar tsiro mai suna PLA. Ita PLA daga tsamin da bakteriya ke yi ake haɗa ta, irin tsamin nono. Ramar miya da igiyar ɗaure akuya, ga ta a jikin waya.

To me ya hana ta zuwa?

Kuɗi ne. Kamfanin ICI na Ingila ya fara yin robar bakteriya don sayarwa a shekarun 1980, ya sa mata suna Biopol. A 1990 aka sayar da sabulun wanke kai a cikin kwalbarta a Jamus. Ba ta ci kasuwa ba. Aikin ya yi ta sauya hannu. A 2010 aka buɗe babbar masana'anta a jihar Ayowa ta Amurka, wadda aka gina don ta fitar da tan 50,000 a shekara, tana ciyar da bakteriya da sukarin masara. A 2012 aka dakatar da aikin, don masu saye ba su kai ba. Duniya tana yin roba fiye da tan miliyan 400 kowace shekara. Duk robobin tsiro in an haɗa su ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

Shi ya sa masu bincike suka juya ga abin da ake zubarwa: ruwan da ya rage bayan an dafa sukari, tsohon man suya, ruwan cuku, ɓawon hatsi. A Burazil an yi irin wannan masana'anta a jikin ma'aikatar sukari, don rake ya ba da abincin bakteriya, tuƙarsa kuma ta ba da wuta. Mu ma muna da rake a fadamun Gidimuni da Mirya. Muna da ɓawon gyaɗa. Muna da jami'a a Zinder, mai sunan André Salifou, inda ƴaƴanmu ke karatun kimiyya. Ba abin kunya ba ne yaronmu ya zauna ya auna zaren kaba ko na rama ya ga abin da zai iya.

Amma ina da ja a kan abu ɗaya. Za ku ji ana cewa karan gero shara ne, a kwashe a kai masana'anta. Wanda ya faɗi haka bai yi rani a ƙasarmu ba. Kara shi ne abincin dabba in ciyawa ta ƙare. Shi ne danga, shi ne makamashi, tokarsa ta shiga miya. Wanda aka bari a gona kuwa shi ke tare iska kada ta kwashe ƙasa, gara ta ci shi ta mai da shi taki. In an kwashe kara don a yi robar da za ta ceci akuya, akuyar za ta mutu da yunwa maimakon leda. A nemi zare a wurin da ba a taɓa abincin dabba ba.

Inda nake ganin wannan roba za ta fi yi mana amfani shi ne wurin renon itace. Kowace shekara, musamman ranar 3 ga Agusta, ana dasa itatuwa dubu bisa dubu. Kowane ɗan itace a cikin baƙar leda ake renonsa. Ran dashe a yage ledar, sau da yawa a bar ta nan, iska ta ɗauka, dabba ta samu. Wani lokaci wajen yagewa a tsinka saiwa. Da tukunya ce mai ruɓewa, sai a binne ta tare da itacen, ana ba shi ruwa tana narkewa.

Na ce ana ba shi ruwa. Ku riƙe wannan. Bakteriya ba ta aiki sai da laima. Ruwan samanmu wata 3 ne ko 4. Sauran shekara rairayin tudu a bushe yake. Kun sha ganin karan bara kwance a gona har damina ta zagayo, bai ruɓe ba. To, robar bakteriya ma haka za ta kwanta ta jira. Kafin ta ruɓe, iska za ta ɗauke ta, za ta toshe magudanar ruwa, dabba za ta same ta. Ita PLA da na ambata ta fi haka wuya. Ba ta ruɓewa da kyau sai a cikin tulin taki mai zafin da ya kusa digiri 60.

Ga kuma inda karatunku zai yi maku rana. Akwai ledojin da ake buga wa wata doguwar kalmar Faransanci a jiki: BIODEGRADABLE. Ma'anarta, mai ruɓewa. Ku koyi gane ta, amma kada ku gaskata ta da gani ɗaya. Waɗansu ledar fetur ce aka zuba mata maganin da ke sa ta saurin kakkaryewa a rana. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana irin wannan tun 2021. A jami'ar Plymouth ta Ingila, masu bincike sun binne ledoji iri-iri a ƙasa har shekara 3. Da suka tono, suka ba da labari a 2019: waɗansu masu ɗauke da wannan kalma suna nan da ƙarfinsu, har an zuba masu kayan cefane sun ɗauka ba su yage ba.

Da na gama wannan bayani a aji, Inna ta ce, "Ashe Malam, ƙwaryata da faifaina da kwandona duk selulos ne?" Na ce ƙwarai kuwa. Ta ce to ita dama ba ta daina zuwa kasuwa da su ba, jikokinta ne ke kawo mata leda gida.

Ga aikin da na ba ajinmu, ina kuma ba kowane ajin da ke saurare. Ku haƙa rami 2, kowane zurfin taƙi ɗaya. Ɗaya a garka ko kusa da rijiya inda ake zuba ruwa kullum, ɗaya a kan tudu busasshe. A kowane rami ku sa guntun baƙar leda, da guntun kwali, da tsumman auduga, da ɗan guntun kaba. Wanda ya samu leda mai waccan doguwar kalma ya yanka ta biyu, rabi nan rabi can. Ku rubuta kwanan wata a kaye. Bayan kwana 30 ku tona, ku duba, ku rubuta abin da kuka gani, ku mayar. Bayan kwana 90 ku sake. Sannan aji ya zaɓi mutum ɗaya ya rubuto mana wasiƙa da hannunsa, za mu karanta ta a wannan fili.

Ku ɗora babban dutse a kan kowane rami, kada akuya ta riga ku tonawa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.